Yadda ake ƙirga horon sana'a a matsayin kiredit a jami'o'in ƙasashen waje

Duk wanda ya ratsa Barnawa da hantsi a ranakun karatu zai ci karo da ɗalibai suna nufar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda aka fi sani da Kadpoly. A wannan haraba ce Kwalejin Nazarin Muhalli take, inda ake koyar da zanen gine-gine da fasahar gini da ƙiyasin kuɗin gini da safiyo da kula da kadarori da tsara birane. Can gaba ta wajen Kakuri kuma garejojin kanikawa ne da rumfunan masu walda da masu haɗa wutar lantarki, galibinsu magadan sana'ar da masana'antun yankin suka shuka tun lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975.

Iyaye da yawa a wannan yanki, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, suna da tambaya guda. Idan yaro ya gama difloma ko ya samu takardar shaidar sana'a a nan gida, sannan ya nufi jami'a a Ingila ko Amurka ko Malesiya, shin za a mayar da shi aji ɗaya ne, ko za a ƙirga masa shekarun da ya riga ya yi? Amsar tana da nauyi a aljihu. Digirin farko shekara 3 ne a Ingila, 4 a Amurka. Idan aka yafe wa ɗalibi shekara guda, an sauke wa mahaifinsa sulusi ko rubu'in kuɗin makaranta da na masauki da na abinci, waɗanda duk da fam ko dala ake biyan su.

Mene ne kiredit a nan?

Kalmar tana rikita mutane, domin a Najeriya an saba jin ta a sakamakon WAEC da NECO, inda take nufin darajar cin jarrabawa. A jami'a kuwa kiredit ma'auni ne na yawan karatu, kamar yadda mudu yake ga hatsi. Shi ne abin da ɗalibanmu ke kira yunit.

Kowace ƙasa da nata mudun. A Amurka kiredit ɗaya yana nufin awa guda a aji da kamar awa 2 na nazari a gida kowane mako, har tsawon zangon karatu na kusan mako 15. Digirin farko yakan buƙaci kiredit 120, ƙaramin digirin kwalejojin shekara 2 kuma 60. A Ingila kiredit ɗaya awa 10 ne na karatu, shekara tana ɗauke da 120, digiri kuma 360. Yawancin ƙasashen Turai suna amfani da tsarin ECTS, inda shekara take da kiredit 60, kowanne yana tsakanin awa 25 zuwa 30.

Saboda haka idan jami'a ta ce ta ba ɗalibi kiredit a kan horon da ya yi a baya, ma'anarta ita ce ta yarda ya riga ya san abin da wasu darussanta suka ƙunsa, ta yafe masa su, kuma ta lissafa su cikin adadin da ake buƙata kafin a ba shi digiri.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne samun gurbi: takardar mutum ta isa a ɗauke shi karatu. Na biyu shi ne kiredit: a rage masa darussa ko shekaru. Na uku shi ne izinin aiki ko na ƙaura: hukuma ta yarda cewa sana'arsa ta yi daidai da ta 'yan ƙasa. Ƙofofin nan uku kowace da mai gadinta. Takarda tana iya buɗe ta farko ta kasa buɗe ta biyu. Kanike yana iya samun amincewar hukumar sana'o'i a Jamus ya kama aiki, amma jami'ar da ke garin ta ƙi rage masa ko darasi ɗaya. Dillalan biza sukan haɗa ukun su sayar a matsayin abu guda, kuma daga nan ne asarar mutane da yawa take farawa.

Takardun Najeriya da nauyin kowacce

Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta tana nan Kaduna a kan titin Bida. Ita ce ke tsara manhajar kwalejojin fasaha, ita kuma ke amincewa da kwasa-kwasansu. Wannan amincewa ita ce abu na farko da masu tantancewa a waje suke dubawa, kuma kwas ɗin kansa ake dubawa a shekarun da ɗalibi ya yi shi, sunan makaranta kaɗai bai wadatar ba.

Ƙaramar difloma ta ND, mai shekara 2, da babbar difloma ta HND, mai wasu shekara 2 bayan shekara guda ta sanin makamar aiki, su ne suka fi saurin samun kiredit. Dalili kuwa shi ne karatun gaba da sakandare ne, kowane darasi yana da suna da yunit da maki a rubuce, don haka ana iya jera su kusa da darussan wata jami'a a gwada. Kadpoly, wadda ta samo asali daga makarantar koyon fasaha da aka buɗe a 1956, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968, ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, tana cikin tsofaffin makarantun da ke bayar da waɗannan takardu.

Takardun NTC da NBC na hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 da hedikwata a Benin, matakin kammala sakandare suke. Suna taimakawa wajen neman gurbi, amma da wuya a ba su kiredit, tunda ba a yafe darasin jami'a da karatun sakandare. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai aji 3 da 2 da 1, shaida ce ta iya aiki. Ba ta zuwa da jerin darussa ko awoyin karatu, shi ya sa ta fi amfani wajen neman aiki. Takardun City & Guilds, cibiyar Landan da aka kafa a 1878, wadda tsofaffin makarantun fasaha na Najeriya suka daɗe suna zana jarrabawarta, suna da fa'idar cewa an san su a Birtaniya, amma su ma matakin da aka rubuta a jikinsu ne ke yanke hukunci.

Wanda ya koya a wurin ubangida

Akasarin gwanayen hannu a Kaduna ba su taɓa zama a aji don sana'arsu ba. A gareji ko a kasuwar Panteka suka yi shekaru, aka yaye su da addu'a da walima. Jami'ar waje ba ta da mudun auna irin wannan ilimi sai an mayar da shi takarda.

Hanyar yin haka a gida ita ce tsarin NSQ na shaidar ƙwarewa, wanda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a 2013, NBTE kuma ke kula da shi. Da farko an tsara shi da matakai 6, inda aka kwatanta mataki na 4 da ND, na 5 kuma da HND. A cikinsa akwai sashen amincewa da ilimin da mutum ya riga ya samu: jami'in tantancewa yana kallon mai sana'a yana aiki, ya yi masa tambayoyi, ya duba shaidar ayyukansa, sannan a ba shi takardar matakin da ya cancanta ba tare da ya koma ya fara daga tushe ba. Farfesa Idris Muhammad Bugaje, wanda ya shugabanci Kadpoly kafin ya zama Sakataren Zartarwa na NBTE a 2021, yana cikin waɗanda suka yi ta ƙoƙarin shigo da masu sana'ar Panteka cikin wannan tsari.

Takardar NSQ ba ta tilasta wa wata jami'ar waje komai. Amfaninta shi ne ta bai wa mai sana'a shaida daga hukumar gwamnati, mai ɗauke da mataki da jerin ƙwarewar da aka gwada, wadda zai iya sakawa a cikin kundin hujjojinsa.

Amurka da Kanada

Amurka ba ta da wata hukumar gwamnati da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje. Cibiyoyi masu zaman kansu ne ke yi, kuma jami'o'i da yawa sun fi karɓar rahoton waɗanda ke cikin ƙungiyar NACES, wadda aka kafa a 1987. Mafi shahara a wurin 'yan Najeriya ita ce WES, da aka kafa a 1974, sai ECE da ke Milwaukee.

Rahoton iri biyu ne. Akwai wanda ke faɗin matsayin takarda a dunƙule, akwai kuma wanda ke bin darussa ɗaya bayan ɗaya yana mayar da yunit da makinsu zuwa ma'aunin Amurka. Mai neman kiredit na biyun yake buƙata. Ƙa'idar waɗannan cibiyoyi ita ce makarantar da mutum ya gama ce za ta aika musu da tiranskirif kai-tsaye. Wanda ya fito daga hannun ɗalibi a buɗe ba a karɓarsa.

Rahoton shawara ce kawai. Ofishin rajistara da sashen da ɗalibi zai shiga su ne ke da ta cewa. Yawanci suna neman darasin ya kai makin C, kuma ya yi kama da nasu a ƙunshiya. Sau da yawa darussan bita da na aikin hannu akan karɓe su a matsayin darussan zaɓi, wato suna cike adadi amma ba sa maye gurbin darasin dole. Kusan kowace jami'a kuma tana da ƙa'idar cewa sai ɗalibi ya yi wani kaso na karatun a cikinta, galibi aƙalla kiredit 30.

Wanda takardarsa ba ta samu shiga ba yana da wasu hanyoyi. Akwai jarrabawar CLEP ta hukumar College Board, wadda makinta ke tsakanin 20 da 80, kuma makarantu da yawa suna ba da kiredit ga wanda ya samu 50. Akwai jarrabawar da sashe ke shiryawa don wanda ya ce ya riga ya san darasi. Akwai kuma kundin hujjoji, inda mutum ke rubuta abin da ya koya a bakin aiki ya haɗa da shaidu, malamai su duba. Kwalejojin al'umma masu shekara 2 sun fi manyan jami'o'i sassauci a wannan fanni, musamman a kwasa-kwasan lantarki da walda da gyaran mota.

A Kanada, rahoton ECA da ake nema don ƙaura, wanda ke aiki shekara 5, harkar shige da fice ce. Kiredit kuwa kowace kwaleji ce ke yanke nata, lasisin sana'a kuma yana hannun larduna.

Birtaniya

Cibiyar UK ENIC, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, ita ce ke bayar da takardar da ke nuna matakin da shaidar ƙasar waje ta yi daidai da shi a tsarin Birtaniya. Jami'o'i suna amfani da bayananta, amma su ma hukuncin nasu ne.

Abin da ya fi jan hankalin masu difloma shi ne tsarin cikon digiri: shekarar ƙarshe kaɗai, mai kiredit 120, ga wanda jami'a ta yarda karatunsa na baya ya kai nauyin shekara 2 na farko, wato kiredit 240. Wasu jami'o'in kuma suna ɗaukar mai HND kai-tsaye zuwa digiri na biyu idan makinsa ya yi kyau, yana kuma da shekarun aiki. Wata jami'ar tana iya ba mai ND aji biyu, maƙwabciyarta ta ce sai aji ɗaya, kuma kowacce tana kan ƙa'idarta. Jami'o'i da dama suna son karatun da za a ƙirga ya kasance na cikin shekara 5 da suka wuce, sai dai idan mutum ya nuna yana ci gaba da aiki a fannin.

Jamus da Faransa da Malesiya

Jamus tana da dokar amincewa da sana'o'in ƙasashen waje da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2012. A ƙarƙashinta ofishin IHK FOSA da ke Nurnbag yana duba sana'o'in masana'antu da kasuwanci, majalisun masu sana'ar hannu kuma suna duba irin su kafinta da mai lantarki. Ana gwada tsawon horon mutum da ƙunshiyarsa da na Jamus, sakamakon ya fito cikakken daidaito ko na wani ɓangare, wanda ake cikewa da ƙarin horo. Idan takardu sun ɓata ba da laifin mai su ba, dokar ta ba da damar a gwada shi a aikace. A ɓangaren jami'a, shawarar ministocin ilimi na jihohin ƙasar ta 2002 ta yarda a ƙirga ƙwarewar da aka samu a wajen jami'a har zuwa rabin digiri, idan ta yi daidai da darussan a mataki da ƙunshiya.

Faransa tana da tsarin VAE tun 2002, inda kwamiti ke iya bai wa mutum wani ɓangare na shaidar karatu, ko ma dukkanta, a kan gogewar aiki. Malesiya, inda ɗaliban Arewa ke yawan zuwa, tana da tsarin APEL a ƙarƙashin hukumar MQA, kuma ta raba shi: wani na samun gurbi, wani na samun kiredit.

A matakin duniya, Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 ta kafa ƙa'idar cewa a amince da shaidar waje sai idan mai tantancewa ya nuna akwai babban bambanci. Yarjejeniyar UNESCO ta duniya, da aka amince da ita a 2019 ta kuma fara aiki a 2023, ta haɗa har da karatun da ba a kammala ba da ilimin da aka samu a baya. Waɗannan suna bai wa mai nema haƙƙin a duba takardunsa da adalci a ƙasashen da suka rattaba hannu, ba su yi masa alƙawarin sakamako ba.

Abin da ya kamata a tanada tun ana gida

Tiranskirif ne a gaba, kuma a nema da wuri, domin ofisoshin makarantu sukan ɗauki lokaci, jami'o'in waje kuwa ba sa ɗaga ranar rufe karɓa. Sai manhajar kowane darasi ta shekarar da aka yi karatun, mai nuna abin da aka koyar da awoyin aji da na bita. Wannan ita ce takardar da aka fi mantawa, alhali ita malamin waje ke karantawa kafin ya yarda cewa darasin zanen gini da aka yi a Barnawa ya yi daidai da nasa.

A adana littafin SIWES da aka cike lokacin sanin makamar aiki a ƙarƙashin asusun ITF, da wasiƙun wuraren aiki masu ɗauke da kwanan wata da irin ayyukan da aka yi, da hotunan ayyuka da zane-zane da aikin kammala karatu. Inda aka nemi tabbatar da takardu, hanyar ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar idan ta buƙata. Jamus da Faransa sukan nemi fassara daga mai fassarar da aka rantsar.

A kuma duba suna da ranar haihuwa. Muhammad a fasfo, Mohammed a difloma, ko sunan gari a wata takarda babu shi a wata, ya isa ya tsayar da fayil na tsawon watanni. Gyara a gida ya fi sauƙi da araha.

Inda ake tuntuɓe

Kada a biya kuɗin ajiyar gurbi sai jami'a ta rubuta adadin kiredit ɗin da ta amince da su, da sunayen darussan da ta yafe, da lokacin da za a kammala. Maganar dillali ko ta wayar tarho ba hujja ba ce. A kuma tambayi jami'ar wace cibiyar tantancewa take karɓa kafin a biya wata, domin kuɗin ba ya dawowa.

Yawan kiredit ba kullum yake rage lokaci ba. Idan darussan dole suna bin juna, wani sai an ci wani, ɗalibi yana iya samun kiredit 40 ya kuma yi shekara 4 cif. Bizar ɗalibi a Amurka tana buƙatar mai digirin farko ya ɗauki aƙalla kiredit 12 a kowane zango, don haka yafe darasi ba ya nufin zama da sauƙin kaya. Haka nan wanda aka tsallakar da shi lissafin aji ɗaya alhali tushensa ba shi da ƙarfi, yana iya faɗuwa a aji biyu, ya biya kuɗin maimaici. A fannonin da ke da lasisi, kamar injiniyanci da jinya da zanen gine-gine, hukumomin sana'ar suna da nasu sharuɗɗan da suka sha bamban da na jami'a.

Ranar dawowa gida

Ma'aikacin gwamnati da ke neman ƙarin girma da digirin waje, da matashin da zai yi hidimar ƙasa, duk sai takardarsu ta bi ta tantancewar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Jami'ar da ke rabon kiredit kamar goron biki tana iya barin mutum da takardar da ba ta da daraja a Abuja. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, kuma a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. A 2023 ma, da NBTE ta sanar da shirin cikon digiri na shekara guda ta intanet ga masu HND tare da jami'o'in waje, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito ta ce ba da yawunta ba.

Saboda haka kafin a sayar da fili ko a taɓa jarin shago, a tabbatar jami'ar tana da amincewar hukumar ilimi ta ƙasarta, ma'aikaci ya samu izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarsa, a kuma adana asalin takardar ND ko HND da tiranskirif ɗinta, domin a kansu aka ɗora digirin, kuma duk mai tantancewa zai nemi ganinsu.